Lahadin da Na Kai Mista Raymond Cin Abinci a Aston

Shekara shida ke nan ina aikin kula da tsofaffi a Manchester, kuma yawancin ranakun sun shige cikin juna har ba na iya bambanta su. Amma akwai wata Lahadi ta watan Nuwamba, a shekarata ta biyu, wadda har yau ta ƙi gogewa daga kaina. Duk sanda aka turo mini sababbin ma'aikata in koya musu aiki, sai na ba su labarinta, kamar yadda zan ba ku yanzu.

Sunana Rifkatu. Nas ce ni a Zariya kafin in zo ƙasar nan, amma takarduna ba su ba ni damar yin aikin nas a nan ba sai na ci wata jarrabawa, don haka na fara daga ƙasa a wani gidan tsofaffi da ke bayan Rusholme. Ga wanda bai san tsarin ba, na ƙasa ita ce carer, mai yi wa tsoho wanka, ta sa masa kaya, ta ba shi abinci, ta raka shi banɗaki. Sama da ita akwai senior, mai raba magani da tsara aikin yini, sai mataimakiyar manaja, sai manaja. Kowane tsoho yana da fayil. A ciki an rubuta ciwonsa, maganinsa, abin da zai ci da wanda ba zai ci ba, da sunan ɗan'uwan da za a kira idan wani abu ya faru. Abin da aka fara koya mini shi ne, abin da ke cikin fayil da shi ake aiki, wanda ba ya ciki kuwa a bar shi. Kuma bizata tana ɗaure da wannan gidan. Da sun sallame ni, da ni da mijina da yaranmu biyu sai dai mu fara haɗa kaya. Saboda haka ba na wasa da doka ko kaɗan.

A ɗaki na goma sha huɗu akwai wani tsoho, Mista Raymond, ɗan shekara tamanin da huɗu. Dogo ne mai manyan hannuwa, ya yi kanikancin bas har ya yi ritaya. Ciwon mantuwa ya kama shi, council, wato ƙaramar hukumar yankin, ita ce ta kawo shi bayan maƙwabta sun tsince shi a titi da kayan barci. Fayil ɗinsa ya ce bai taɓa aure ba, ba ɗa, ba dangi, kuma tun zuwansa ba wanda ya taɓa leƙo shi. Ana yanka masa abinci ƙanana saboda yana saurin ƙwarewa, likitansa kuma ya hana shi giya saboda maganin da yake sha.

Mutum ne mai sauƙin kai sai ranar Lahadi. Da sha biyu ta kusa sai ya sa kwat ɗinsa ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce a buɗe masa ya makara, Maureen ta ajiye masa kujera. Mu kuma mu lallaɓa shi da shayi da biskit, mu rubuta a rahoto cewa ya rikice da rana, yana neman wata Maureen, an kwantar masa da hankali. Ni kaina ban san sau nawa na rubuta wannan layin ba.

Gidan yana da wata al'ada, sau ɗaya a shekara ana fita da kowane tsoho inda yake so. Yawancinsu bakin teku suke cewa. Da na tambayi Mista Raymond, ko tunani bai tsaya yi ba, ya faɗi sunan wani pub, wato gidan giya da ake sayar da abinci, a Aston, can Birmingham, har da sunan titin. Na duba a waya na ga kuwa yana nan, kuma suna abincin rana ranar Lahadi. Manajarmu, Misis Pauline, ta ce ai dama harshensa na mutanen Birmingham ne, wataƙila can ya tashi. Ni kunnena a lokacin duk Turancinsu ɗaya yake ji. Ta ba ni takardar auna haɗari mai shafi huɗu na cike, ta sa hannu, ta kafa mini sharuɗɗa. Mu tashi tara da rabi, mu dawo kafin biyar. Ƙwayarsa ta ƙarfe ɗaya tana cikin ambulan, ni zan ba shi. Ba giya. Kada in bar shi shi kaɗai, kuma kada in tattauna al'amarinsa da kowa. Na kira pub ɗin na kama tebur na mutum biyu da sunana.

Direban motar gidan Malam Habu ne, Bakatsine, mutumin kirki mai yawan barkwanci. Muna hanya ya ce mini, "Sista, ni dai a bakin ƙofa zan sauke ku. Zan wuce unguwar Small Heath in yi azahar in ga ƙanena, biyu da rabi ina nan." Ban ga laifinsa ba. Ni ma ban taɓa shiga irin wurin ba. Babana dattijon coci ne, a gidanmu ko ta ƙofar gidan giya ba a son a ga ka wuce.

Na shiga ina sa ran ganin mashaya suna tangaɗi, sai na tarar da wuri kamar falon kakar wani. Rufin ƙasa-ƙasa, jan kafet da ya sha taku, wuta tana ci a murhun bango, tsofaffin hotuna ko'ina. Iyalai ne zaune, ga jariri a doguwar kujera yana buga cokali, ga wani kare kwance a ƙarƙashin tebur. Ƙamshin gasasshen nama ya cika wurin, tagogi duk sun yi gumi.

Abin da ya fara ɗaure mini kai Mista Raymond ne da kansa. Mutumin da a gida sai an nuna masa ɗakinsa kullum, shi ne ya riƙe mini hannu ya ce in yi hankali akwai matakala. Na duba ƙasa, ga ta kuwa, ban gan ta ba. Ya zagaya bayan wani ginshiƙi ya rataye kwat ɗinsa a wata ƙusa da sai wanda ya sani zai san tana nan. Teburin da aka ajiye mana yana kusa da ƙofa, amma ko kallonsa bai yi ba. Ya dogara sandarsa ya nufi wani zagayayyen tebur a kusurwa kusa da wuta, ya ja kujerar da ke jingine da bango ya zauna. A kan teburin akwai ɗan kati da ke nuna an kama shi.

Mai gidan wata matashiya ce mai suna Jess. Ta zo da fara'a ta ce wannan teburin na wasu iyali ne da ke zuwa duk Lahadi ƙarfe ɗaya, tun zamanin da babanta ke riƙe da wurin. Na yi ƙoƙarin ta da shi ya ƙi. Jess ta ce in bar shi ya ji ɗumi, idan sun zo sai a san yadda za a yi.

Muka zauna ina jiran a zo a tambaye mu abin da za mu ci. Minti goma, minti sha biyar, ba wanda ya zo. Har na fara zargin ko don ni baƙa ce. Sai Mista Raymond ya dube ni da mamaki ya ce, "Yarinya, a nan ba a zuwa wajenki, ke za ki je kanta ki faɗa." Ga dokar kada in bar shi, ga kanta taku goma daga inda muke. Na tafi ina waiwaye. Na ce a kawo masa gasasshen naman sa mai laushi da miya da yawa, ni kuma kifi da dankali. Jess ta tambaye ni lambar tebur, na rasa wanne zan faɗa, namu ko wanda muka mamaye.

Ina juyowa na ga mata biyu tsaye a kansa. Ɗaya gajeriyar tsohuwa ce mai farin gashi da koren kwat, ta dafe bakinta da hannu. Ɗayar za ta haura hamsin, doguwa, riƙe da lema tana ɗigar ruwa a kafet.

Tsohuwar ta ce, "Tommy?"

Shi kuwa fuskarsa ta washe irin yadda ban taɓa gani ba. Ya miƙa mata hannu ya ce, "Maureen. Yau na riga ki."

Na iso da sauri ina ba su haƙuri. Na ce kuskure ne, sunansa Raymond, ba shi da cikakkiyar lafiya, yanzu za mu tashi mu ba su teburinsu. Tsohuwar ko kallona ba ta yi ba, ta ce ta san sunansa tun ba a haife ni ba. Raymond ne a takarda, amma da yake ubansa ma Raymond ne, tun yana yaro Tommy ake ce masa. Na ce mata, to ita ce Maureen ke nan? Ta ce a'a, ita Sheila ce, Maureen yayarta ce. Amma ga shi ya riƙe hannunta yana ta kiranta Maureen, ita kuma tana amsawa, har ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

Ku auna halin da nake ciki. Matar da na shafe shekara guda ina rubuta cewa babu ita, ashe akwai ta. Amma ba wannan ba ce. Amma kuma wannan tana amsa sunan. Na tambaya a hankali ina ita Maureen ɗin take. Doguwar ce ta ba ni amsa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce shekara tara ke nan da rasuwarta. Allah ya taimaka kunnensa na hagu ba ya ji, ita kuma ta wannan gefen take. Sannan ta juyo kaina gaba ɗaya. Wace ce ni, wa ya turo mu, wa ya gaya mana nan suke zuwa? Ba na sanye da kayan aiki, domin idan an fita da tsoho ba ma sa su, don kada a riƙa kallonsa. Na ce mata ni mai kula da shi ce, bayan wannan ba ni da izinin cewa komai.

"Ba ki da izini," in ji ta. "Sunana Karen. Wannan mutumin ubana ne."

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zuwa raina damfara ce. An yi mana horo a kan mutanen da ke laƙaba wa kansu dangantaka da tsofaffi masu mantuwa don su cuce su. Fayil ya ce ba aure, ba ɗa. To amma ta yaya 'yan damfara za su san za mu zo, alhali da sunana na kama tebur, kuma ba ma wannan teburin ba? Sannan idan na kalli hannun Karen a kan lemar, na kalli nasa, yatsun iri ɗaya ne.

Na matsa gefe inda nake iya ganinsa na kira mataimakiyar manaja, ba ta ɗauka ba. Na kira Misis Pauline, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na kira senior da ke bakin aiki, wata 'yar Indiya mai tsananin bin ƙa'ida. Ban ma gama bayani ba ta ce in ɗauko shi in dawo da shi yanzu-yanzu, kada in ƙara cewa uffan. Na kira Malam Habu, waya a kashe, yana masallaci. A waje ruwa ake tsugawa. Ina zan kai tsoho mai sanda a unguwar da ban sani ba? Na dawo na zauna, tunda ba ni da wani zaɓi.

Karen ma waya take yi, na ji tana ce wa mijinta kada su zo yau, za ta yi masa bayani a gida. Ta ƙi zama. Sheila ce ta riƙa ba ni labari gutsure-gutsure, ko da yake ban tambaya ba. A wata masana'antar motoci yake aiki a da. Aka rage ma'aikata har da shi lokacin Karen tana da shekara goma sha ɗaya, ya ɓoye wa kowa. Wata da watanni yana fita da safe da abincinsa a leda kamar mai zuwa aiki. Ranar da asiri ya tonu, wata Lahadi ce, a kan wannan teburin surukinsa ya ci masa mutunci a gaban kowa. Ya miƙe ya ce zai fita shan sigari, bai dawo ba. Sheila ta ce matarsa Maureen ba ta ƙara aure ba, kuma har ta mutu ba ta yarda kowa ya zauna a kujerar nan ta jikin bango ba.

Karen ta katse ta. Ta ce Anti ta daina ƙawata labari, mahaifiyarta jaka take ɗorawa a kujerar don kusa da wuta ce, kuma har ta koma ga Allah ba ta ambaci sunansa da alheri ba. Sheila ta ce ke yarinya ce lokacin, ba komai kika sani ba. Suka shiga musu a kaina, kowace tana kallona kamar ni ce alƙali. Shi kuwa wanda ake magana a kansa yana ta shafa hannun Sheila yana kallon wuta.

Ana cikin haka abinci ya iso. Nama, dankalin turawa, karas, kabeji, da wani abu kamar fanke mai rami a tsakiya da suke cika shi da miya. Tare da abincin sai ga rabin kofi na baƙar giya. Ashe Sheila ce ta ɗaga wa Jess hannu ta ce a kawo masa irin wadda yake sha a da. Kafin in yi magana har ya kai hannu. Ban so in fizge masa kofi a gaban 'yarsa kamar ƙaramin yaro. Na raɗa wa Jess cewa likita ya hana. Yarinyar nan mai wayo ce, ta ce masa a yi haƙuri kofin ya tsage, ta ɗauke, ta dawo da wata marar sa maye mai kala ɗaya. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce giyar gidan nan ta lalace, a gaya wa mai gida. Jess ta yi dariya ta ce za ta isar. Har Karen sai da bakinta ya motsa, a nan ne ma ta ja kujera ta zauna, daidai gabansa.

Ina yanka masa nama ƙanana, sai ya dubi Sheila ya ce ina Karen, har yanzu tana waje tana wasa? Karen ta dube ni, kallon da ke cewa me ake yi a nan. Abin da aka koya mana shi ne kada ka yi wa mai mantuwa ƙarya, kada kuma ka danna masa gaskiyar da za ta rikita shi, ka bar shi ya yi magana. Na ce masa ya ba ni labarin Karen ɗin. Ya ajiye cokali. Ya ce tana da jan keke da ya sayo mata na hannu, ya yi masa fenti da kansa. Ta fi duk yaran layin gudu, kuma bakinta kamar na uwarta, ba a kayar da ita a musu. Birkin baya ya lalace, ya yi mata alkawarin gyarawa ranar Asabar, a tuna masa.

Karen ta miƙe ta nufi banɗaki. Na bi ta da ido, kuma wannan shi ne kuskurena. Sheila ta yanko nama daga farantin ta miƙa masa yadda ake ba lafiyayye, ban gani ba. Sai na ji tari guda, sannan shiru. Na juyo na ga fuskarsa ta yi ja, baki a buɗe, ba numfashi. A nan ne kaɗai a duk yinin kaina bai ɗaure ba, domin wannan aikina ne tun Zariya. Na sunkuyar da shi gaba, na tallafe ƙirjinsa, na buga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu. A bugu na uku naman ya faɗo kan kafet. Mutanen pub ɗin gaba ɗaya suka zuba mana ido, har jaririn nan ya daina buga cokali. Mista Raymond ya ja numfashi, ya goge ido, ya tambaya ko akwai kastad.

Karen tana tsaye a bayana, ta ga komai. Da ta zauna muryarta ta sauya. Ta tambaye ni haka yake kullum, wa yake ba shi abinci, yana da wani a can inda yake? Duk tambayoyin da doka ta hana ni amsawa ne. Na ce mata ana kula da shi sosai, iyakar abin da zan iya faɗa ke nan. Ta ce to in ba ta adireshi. Na ce ba zan iya ba, amma ta ba ni lambarta, gobe manajarmu za ta kira ta.

"Shekara arba'in da wani abu yana ɓoye mini kansa," in ji ta, "yau kuma ke ce za ki ɓoye mini shi."

A raina ina ganin gaskiyarta, kuma ina ganin gaskiyar dokar. Ta ɗauki ɗan kwalin da ake ɗora kofi a kai ta rubuta lamba a bayansa ta tura mini, ta ce kada in ɗauka alkawari ta yi na zuwa. Ina buɗe jaka in sa kwalin sai hannuna ya taɓa ambulan. Ƙwayar ƙarfe ɗaya. Agogo ya ce biyu da minti goma. Na ba shi da cokalin kastad.

Malam Habu ya kunna waya ya ga kirana, ya taho a guje. Mutumin da ya ce ba zai shiga ba sai ga shi tsakiyar pub da hularsa, wancan kare na ƙarƙashin tebur yana shinshina masa ƙafa, yana tambayata da Hausa lafiya. Na ce masa sai a mota. Mista Raymond ya sumbaci hannun Sheila ya ce sai mako mai zuwa. Ita kuwa Karen, kai ya ɗaga mata cikin ladabi kamar baƙuwa. Ita ce ta zagaya bayan ginshiƙi ta ɗauko masa kwat ba tare da kowa ya nuna mata ba, amma ni ta miƙa wa.

Muka shiga mota, muka hau babbar hanya. Can sai Mista Raymond ya ce, kamar da kansa yake, "Ta yi tsayi. Hancin uwarta ne da ita." Na juyo da sauri na ce wa yake nufi. Ya dube ni ya tambaya ko an kusa cin abincin rana, yunwa yake ji. Malam Habu ya kalle ni ta madubi.

Litinin da safe Misis Pauline ta kira ni ofis. Na riga na rubuta komai, ban rage ko ɗaya ba, har da kwalin na manna a jiki. Ta karanta sau biyu. Ta ce laifina uku: magani ya makara, ya ƙware a hannuna, kuma na bar shi ya ci abinci da mutanen da ba a tantance ba. Ta rubuta mini gargaɗi aka sa a nawa fayil. Sannan ta cire tabarau ta ce ita ma da ita ce ba ta san abin da za ta yi ba, kuma da na ba da adireshi da yau maganar sallama muke yi.

Ma'aikaciyar council mai kula da al'amarinsa ta ɗauki kusan mako uku tana bincike. Aka samo takardar aure da takardar haihuwa, duk gaskiya ne. Sai wata sabuwar matsala ta ɓullo. Wanda ya ce bai taɓa aure ba, ba kowa ba ne, shi ne da kansa, a wata takardar hukuma shekaru da suka wuce, da hankalinsa garau, har da sa hannunsa. To maganar wa za a bi, ta mutumin da ya sa hannu ko ta tsohon da ke tsayawa a bakin ƙofa? Aka yi zama a kai, aka tambaye ni ra'ayina tunda ni na fi kusa da shi. Na ce ban sani ba. A ƙarshe aka yarda a gwada ziyara ɗaya a gani.

Karen ta zo a watan Janairu. Ta yi rabin awa a cikin motarta kafin ta shigo. Ya ɗauke ta sabuwar nas ce, ya nuna mata inda ƙafarsa ke ciwo, ita kuma ta duba. Daga nan takan zo kamar sau ɗaya a wata, wani lokaci da Sheila. Ban taɓa ji ta kira shi Baba ba, ban kuma taɓa ji ta yi masa maganar da ta wuce ba. Takan yanke masa farce, ta karanta masa sakamakon ƙwallo. Da ya rasu a kakar shekara ta gaba, ita aka kira da asuba. Irin wannan jana'izar mu biyu daga gidan ne muke tsayawa, amma tasa mun kai goma.

Yanzu ni ce senior, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya zo hannuna shi ne, ku bi fayil, domin shi ne ya hana ni aikata abin da zai kore ni. Amma ku sani mutum ne ya rubuta shi, daga bakin wani mutum, a ranar da wataƙila kunya ta hana shi faɗin gaskiya. Idan tsoho ya yi magana, ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa. Kuma ku saba da cewa a aikin nan sau da yawa za ku yanke shawara alhali ba ku gane abin da ke faruwa ba, kuma ba lallai ku taɓa ganewa ba. Idan aka tambaye ku abin da ba ku sani ba, kada ku ƙirƙiro amsa mai daɗi don a ji sanyi.

Bayan an binne shi, Karen ta same ni a bakin maƙabarta ta tambaye ni abin da na san ta daɗe tana son tambaya, ko ranar nan ya gane ta. Na gaya mata abin da ya ce a mota game da tsayinta da hancinta, na kuma gaya mata cewa minti ɗaya bayan haka ya manta ya ci abinci. Na ce duka biyun sun faru, ban san wanne ya fi nauyi ba. Ta gyara jakarta ta ce na farkon ya ishe ta.